Waiwaye: Daga zargin ɗan ruwa zuwa binciken ƙwayoyin gado

Har yanzu a Kaduna, idan aka haifi jariri da ɗan ƙaramin kai, ko ya shekara wuyansa bai tsaya ba, za ka ji ana raɗe-raɗin cewa ɗan ruwa ne, ko kuma uwar ce ta riƙa fita da almuru tana da juna biyu. Likitoci ma sun daɗe suna lalube cikin duhu. A 1866 likitan Ingila John Langdon Down ya bayyana siffofin lalurar da ake kira da sunansa, wadda mukan cusa cikin galahanga tare da wasu lalurorin da ba su haɗa hanya da ita ba, amma bai san musabbabinta ba. Sai a 1959 masu bincike a Faransa suka gano cewa yaran suna ɗauke da kuromozom, wato zarurrukan da ke ɗauke da ƙwayoyin gado, guda 47 maimakon 46, domin na 21 ya zo guda uku maimakon biyu.

Daga nan bincike ya gangaro kan ƙwayoyin gado ɗaiɗaiku. A 1993 aka gano ƙwayar gado mai suna LIS1, wadda idan ta samu tangarɗa ƙwaƙwalwar jariri kan fito sumul, babu lanƙwashe-lanƙwashen da aka san ta da su.

Wanda ya fi shafar mu shi ne binciken 2002, lokacin da aka gano ƙwayar ASPM a wasu iyalai 'yan asalin arewacin Pakistan masu yawan auren zumunci. Aikinta shi ne taimaka wa ƙwayoyin ƙwaƙwalwar ɗan tayi su rarrabu su yawaita, idan kuwa ta gaza sai ƙwaƙwalwar ta tsumbure, kai ya ƙanƙance. Gadon nata irin na sikila ne: uba da uwa kowa lafiya lau, amma kowannensu yana ɗauke da gurɓatacciyar ƙwaya ɗaya, don haka a duk cikin da matar ta ɗauka akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu cewa ƙwayoyin biyu su haɗu a jikin jaririn. Ke nan dangin miji da ke ɗora wa matar laifi sun manta cewa rabin gadon daga ɗansu ya fito.

Ba kowace tawaya ce gado ba, domin cutar Zika ta haddasa ƙanƙancewar kai a Barazil a 2015. Gwajin jinin da ake yi kafin ɗaurin aure kuwa, ko a asibitin Barau Dikko ko na Shika, sikila yake dubawa, ba ya ganin ASPM.