Karatun Fisiyotarafi a Jami'a

Fisiyotarafi fanni ne na kiwon lafiya da ke mayar wa jiki motsi da ƙarfinsa bayan ciwo, rauni ko nakasa. Hausawa sun fi saninsa da gashin ƙashi, ko gashi kawai, shi ya sa a ƙauyukan Kano da Jigawa za a ji ana cewa "an tura shi gashi". Sunan ya rage wa aikin daraja, domin ɗumama gaɓa ɗan yanki ne na abin da ake yi. Yawancin aikin ya rataya ne a kan auna mara lafiya, tsara masa motsa jiki daidai da larurarsa, sarrafa gaɓoɓi da hannu, da amfani da na'urorin lantarki.

Sana'ar ta shigo Najeriya a 1945 a asibitin ƙashi na Igbobi da ke Legas, kuma Jami'ar Ibadan ce ta fara buɗe karatun digiri a fannin a 1966. A Kano, Jami'ar Bayero tana da sashen fisiyotarafi, ɗalibanta kuwa suna samun horo a gaban marasa lafiya a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da asibitin ƙashi na Dala.

Mai neman gurbi sai ya sami kiredit biyar a jarrabawar kammala sakandare: Turanci, lissafi, fiziks, kemistiri da bayoloji. A jarrabawar JAMB kuma zai rubuta Turanci da darussan kimiyya ukun. A nan ne ɗan karkara ya fi shan wuya, saboda makarantar da ba ta da ɗakin gwaje-gwaje ko tsayayyen malamin fiziks ta riga ta tauye ɗalibinta tun kafin ya zauna jarrabawa. Wasu kuma kan faɗo fannin ne bayan sun rasa gurbin likitanci, sai daga baya su gane cewa sana'a ce mai zaman kanta.

Karatun shekara 5 ne, ko da yake wasu jami'o'i sun fara komawa tsarin shekara 6. Shekarar farko ta kimiyyar share fage ce. Daga nan sai ilimin sassan jiki, har da feɗe gawa, da yadda sassan ke aiki, kafin a shiga asibiti a koyi kula da ƙashi, jijiyoyi, ƙananan yara, numfashi da lafiyar mata. Wanda ya gama zai yi rajista da MRTB, hukumar da ke kula da masu wannan sana'a, wadda aka kafa da doka a 1988, ya yi shekara 1 ta sanin makamar aiki a asibiti, sannan hidimar ƙasa.

Larurorin da ke buƙatar wannan aiki a karkara ba ɓoyayyu ba ne. Akwai shanyewar ɓarin jiki, wadda hawan jini ke yawan jawowa, kuma galibi sai an gama zagaye da hayaƙi da tofi ake kawo mai ita, alhali watannin farko ne jiki ya fi karɓar horo. Akwai yaran da doguwar naƙuda ko cutar shawara ta taɓa wa ƙwaƙwalwa, ba sa zama, ba sa tsayar da wuya. Akwai ƙafar da ta saki saboda allurar da aka yi a ɗuwawu ta sami jijiya, da ciwon bayan manoma, da karayar 'yan babur. An ayyana Najeriya ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji a 2020, amma waɗanda cutar ta riga ta nakasa suna nan.

Mai ɗori na gargajiya yakan riga kowa ganin karaya. Gaɓar da ta sandare bayan an kwance karan ɗori kuwa, sau da yawa ɗakin gashi take ƙarewa.

Masu sana'ar sun fi taruwa a manyan asibitocin Kano, Dutse da Birnin Kudu, kuma ba safai ake samunsu a ƙananan cibiyoyin lafiya ba. Jinyar tana son zuwa a kai a kai, wani lokaci na watanni, don haka kuɗin mota kan sa mutumin ƙauye ya yanke zuwa. Saboda haka ake koya wa ɗalibai yadda za su horar da 'yan uwan mara lafiya su ci gaba da motsa shi a gida. Mata masu wannan ilimi suna da muhimmanci na daban a yankin, domin mace da yawa ba ta sakin jiki idan namiji ne zai taɓa ta.