Mai ba da jini na sa-kai: wane ne shi, kuma me ya raba shi da ɗan'uwan marar lafiya?

Duk shekara in 14 ga Yuni ta zagayo, gidajen rediyon Yamai sai su cika da kiran "masu ba da jini na sa-kai", waɗanda ma'aikatan lafiya ke ce wa "donneur bénévole" da Faransanci. Tun 2004 ake bikin wannan rana ta masu ba da jini ta duniya, kuma an zaɓe ta ne don ita ce ranar haihuwar Karl Landsteiner, likitan ƙasar Ostiriya da ya gano rukunan jini na A da B da O a 1901. Yawancinmu in mun ji kalmar sai mu ce ai duk wanda ya miƙa hannu aka ɗebi jininsa bai karɓi ko dala ba, sa kai ya yi. A takardar masu aikin ba haka ake lissafi ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta kasa masu ba da jini gida uku. Akwai mai sayarwa, wannan ba ya bukatar bayani. Akwai na dangi, wanda ya zo don matarsa ko ɗansa ko maƙwabcinsa na kwance. Sai na sa-kai: mutumin da ya tashi da ƙafarsa ya je cibiyar jini, ba wanda ke kwance a gidansu, ba a biya shi ba, bai kuma san jikin wa jinin zai shiga ba. Ke nan ba kyan zuciya ake aunawa ba. Abin da ake dubawa shi ne me ya kawo ka, kuma yaushe ka zo.

Ni a bakin ɗakin haihuwa na fahimci wannan bambanci. Matar ƙanena ta haihu bayan isha'i, jini ya ɓalle. Majo ya leƙo ya ce: "Malam, ku ne danginta? Ku nemo mutum biyu yanzu." Aka hau kiran waya. Kafin awa guda mun taru mu shida, wasu a kabu-kabu, wani da hular barci a kansa. Kawunmu ne ya fara naɗe hannun riga. Ma'aikaciyar ta dube shi ta ce: "Baba, shekarunka nawa?" Ya ce saba'in da ɗoriya. Ta ce: "Allah ya saka da alheri, Baba, ka zauna ka yi mana addu'a." Ƙanwarmu aka soki yatsarta, aka ce ita ma nata bai ishe ta ba. Wani yaron gidanmu ya hau sikeli bai kai kilo 50 ba. Cikin shida, biyu suka tsallake.

Abin da ya ba ni mamaki, ledar da aka ɗiba a jikina ba ita aka ƙara mata ba. Tata tun tuni tana cikin firji, an gwada ta, an tabbatar da rukuninta. Tamu biyan bashi ce, ta maye gurbin wadda aka ciro. Dole sai an bincika kowace leda, a duba ƙanjamau, ciwon hanta iri biyu na B da C, da tunjere, kuma mace mai zubar da jini ba ta da lokacin jiran wannan. Ashe wanda ya ceci matar ƙanena a daren nan wani ne da ya zo kwanaki kafin nan, ba mu san shi ba, shi ma bai san mu ba. Wannan shi ne na sa-kai.

A nan ma in gyara wani zato. Ana cewa jinin ɗan'uwa ya fi dacewa da ɗan'uwa. Likitoci ba su yarda ba. Ba su ma son a ƙara wa mace mai haihuwa jinin mijinta, don jikinta na iya haɗa garkuwar da za ta cutar da cikin da za ta ɗauka nan gaba.

To me ya sa OMS ta nace a kan na sa-kai, tun wani ƙuduri da babban taronta ya zartar a 1975? Amsar tana cikin tambayoyin da ake yi kafin a ɗaura maka roba a dantse. Ka taɓa yin ciwon shawara? An yi maka ƙaho ko tsaga kwanan nan? Yaya mu'amalarka da mata? Wanda ya zo don kansa, in akwai matsala sai ya faɗa ya kama gabansa. Amma wanda surukinsa ke tsaye a bakin ƙofa, dangi duk sun zuba masa ido, da wace fuska zai fito ya ce an ƙi jininsa? Sai ya haɗiye gaskiya. Gwaji kuwa yana da iyaka, akwai ɗan lokaci bayan kamuwa da cuta da na'ura ba ta ganinta. A ƙasa irin tamu, inda ciwon hanta na B ya yi yawa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sannan kowa ya san wani "ɗan'uwan" da ake kawowa a gaggauce, a bakin asibiti aka fara ganinsa, an kuma yi ciniki kafin ya shigo.

Su wane ne masu sa-kan? A duniya, lissafin OMS na 2018 ya ce ana tara jini kusan sau miliyan 118 da rabi a shekara, kuma kashi 40 cikin ɗari daga ƙasashe masu arziki yake fitowa, alhali kashi 16 kawai na mutanen duniya ke zaune can. A wurinsu, cikin mutum dubu ana samun bayarwa sau 31 da ɗoriya; a ƙasashe matalauta, sau 5. Masu karɓa ma sun bambanta. Can tsofaffi ne da suka haura 60 suka fi cin jinin. A ƙasashe irin namu fiye da rabi na iya tafiya ga yara ƴan ƙasa da shekara 5.

Nijar kuwa sai ka duba shekarun mutanenta ka ga inda gizo ke saƙa. Kusan rabinmu ba su kai shekara 15 ba, ba da jini kuma daga 18 yake farawa. Wato rabin ƙasa masu bukata ne, ba masu bayarwa ba. A ragowar rabin, cire mata masu ciki da masu goyo. Mutane na yawan cewa mata tsoron allura ne ke hana su. Ban yarda ba. Macen da daga goyo sai ciki, ga haila, ga abincin da bai wadata ba, yaushe za ta tsallake gwajin yatsa? Ko a duniya baki ɗaya kashi 33 cikin ɗari ne ke fitowa daga mata, balle ƙasar da ke sahun gaba a yawan haihuwa.

Wanda ya rage shi ne saurayi ɗan birni: ɗalibin Jami'ar Abdou Moumouni, ɗan lise da ya cika 18, soja, jandarma, ɗan wata ƙungiyar addini ko ta matasa. Ba don sun fi manomin Ader tausayi ba. Motar cibiyar jini ta ƙasa, CNTS, inda mutane suke a tare take zuwa, makaranta da bariki da harabar masallaci. Mutumin ƙauye bai taɓa jin an nemi jininsa ba sai ranar da ɗansa ya yi fari fat a gadon asibiti, don haka a takarda har abada "na dangi" ne.

Dogaro da ƴan makaranta kuma yana da nasa tarko. Babban hutu na faɗowa ne cikin damina, daidai lokacin da masassarar cizon sauro ke shanye jinin yara, daga Agusta zuwa Oktoba. Masu bayarwa sun watse gida, masu bukata sun cika gadaje. Ba a kuma iya tara jini kamar hatsi a rumbu, don leda ba ta wuce kwana 35 zuwa 42 a firji. Masu cutar emasi, wato sikila, nasu ba damina ba rani. In azumi ya zo sai abin ya ƙara tsuke.

Akwai wani mataki a cikin kalmar da ba a cika ambata ba, shi ne mai dawowa. Namiji kan iya bayarwa duk bayan wata uku, mace bayan wata huɗu, abin da ake ɗiba kuma bai kai rabin lita ba, mililita 450 ne. Wanda ke dawowa a kai a kai an gwada shi sau da yawa, an san rukuninsa, ana da lambar wayarsa. In aka nemi rukunin jini mai wuyar samu, irin O mai alamar ragi, da tsakar dare, shi ake bugawa.

A daren nan, ina danne da auduga a gwiwar hannu, ma'aikaciyar ta miƙo mini lemo mai sanyi ta ce: "Malam, in rubuta lambarka? Bayan wata uku ka dawo, ba sai wani ya kwanta ba." Na ba ta. Kawu da ke gefe yana jan carbi ya ce a rubuta tasa ma, ta yi dariya ta rufe littafin.