Waiwaye: Wa Zai Koya wa Mai Niƙan Dutse Kare Kansa?

Tun da aka ɗage haramcin haƙar ma'adinai a Jihar Zamfara a watan Disambar 2024, wata tsohuwar gardama ta sake tasowa tsakanin 'yan ƙwadago da masu neman zinare. In an sami kuɗin koyar da kare lafiya a wurin aiki, hannun wa ya kamata su shiga? Wasu na cewa a bar su a uwar ƙungiya, ta gayyato ƙwararru ta shirya bita a Gusau ko Abuja kamar yadda aka saba. Wasu kuma na cewa a sauko da su reshe. Kowane reshe ya ware mutum ɗaya ko biyu daga cikin masu yin aikin da hannunsu, a horar da su, a riƙa ba su ɗan abin riƙe kai, su zama malaman 'yan'uwansu a bakin rami da gaban inji. Akwai masu kallon wannan magana ta biyu a matsayin sabon salo da aka kwaso daga waje. Ba su bi sawun abin ba ne. A Zamfara maganar ta daɗe tana jiran a yi ta, kuma jinkirinta ya ci rayuka.

Farkon labarin sananne ne. An harbe masu haƙar kwal 21 a Iva Valley ta Enugu a Nuwambar 1949. Dokar masana'antu ta zamanin Turawa ta zo, aka sabunta ta a 1987. A 1978 aka tattara ɗaruruwan ƙananan ƙungiyoyin ma'aikata aka mayar da su manya 42 ƙarƙashin Ƙungiyar Ƙwadago ta Ƙasa, NLC, aka kuma kafa tsarin cire kuɗin ƙungiya daga albashi kai tsaye. Wannan ya ba ƙungiyoyi ƙarfin da ba su taɓa samu ba, amma ya sa kuɗi suka riƙa taruwa a sama kafin a yaga wa reshe nasa kaso. A 1994 Najeriya ta amince da yarjejeniya mai lamba 155 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda ta ce a ba ma'aikata da wakilansu horon kariya a inda suke aiki. Manufar ƙasa kan lafiyar ma'aikata ta biyo baya a 2006.

Duk waɗannan an tsara su ne da masana'anta a zuci: gini mai ƙofa da maigadi, rajistar ma'aikata, albashin ƙarshen wata, da sufeto mai zuwa duba inji. Gusau ta san wannan rayuwa a zamanin masaƙa da gidajen gurzar auduga. Da masaƙun Arewa suka durƙushe, rassan ƙungiyoyin da ke cikinsu suka tafi tare da su, mutane suka watsu neman abinci inda babu ƙofa balle rajista.

Sai farashin zinare ya tashi. Oza ta haura dala 1,000 a 2009, ta kai wajen 1,400 kafin ƙarshen 2010. Manoman ƙasar Anka da Bukkuyum, waɗanda rani ke barinsu ba aikin yi, suka koma ramuka. Dutsen da suke fitowa da shi yana ɗauke da dalma mai yawan gaske, a wasu wuraren fiye da kashi 10 cikin 100. Ana kawo shi gida a buhu, a farfasa da guduma, a daka a turmi ko a zuba a injin niƙa irin na hatsi, a shanya garin a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Agwagi ne suka fara ɓacewa, ba wanda ya kawo komai a ransa. A watan Maris na 2010 likitocin ƙungiyar agaji ta MSF da ke bin sawun sanƙarau suka tarar da yara suna jijjiga suna suma suna mutuwa, maganin zazzaɓi bai yi musu komai ba. Da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta yi ƙidaya a ƙauyuka biyu, ta gano cewa ɗaya cikin kowane yara huɗu 'yan ƙasa da shekara biyar ya rasu cikin shekara guda. Jimillar yaran da gubar dalma ta kashe ta kai 400 ko fiye. Aka buɗe wuraren jinya a Anka da Bukkuyum, aka kankare ƙasar gidaje a Dareta, 'Yargalma, Abare, Sunke, Duza, Tungar Daji da Tungar Guru, aka zuba sabuwa. Bagega, wadda ta fi su girma, a 2013 aka share ta.

Wannan ɓangaren duniya ta ji shi. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne matakin da aka ɗauka a tsakiyar 2010, lokacin da sarakuna da masu unguwanni da ma'aikatan agaji suka haɗu a kan a fitar da niƙa da daka daga cikin gari zuwa bayan gari. Mataki ne na daidai, kuma ya ceci yara masu yawa. Ba na jin akwai mai hankalin da zai yi jayayya da shi. Sai dai daga ranar hankalin kowa ya tsaya a kan tsakar gida da jinin yara, shi kuwa mutumin da ke tsaye gaban injin aka bar shi da ƙurarsa. An matsar da wurin aikin, yadda ake yin aikin kuwa yana nan yadda yake.

A dubi yinin mai niƙa a sabon wurin. Yana zuba busasshen dutse a bakin injin da hannu, gari na fita ta ƙasa, ƙura ta turnuƙe rumfar har ba ka gane fuskar na kusa da kai. In ya ga dama ya ɗaura ƙyalle a hanci, ƙyallen da ba ya tare komai. Da rana mai abinci ta kawo, ya karkaɗe hannu a wando ya ci a nan inda yake. Goro da ruwan sha duk a cikin ƙurar suke. Can gefe wani na ƙona curin zaiba da ta kama zinare don ya fitar da zinaren, yana shaƙar hayaƙin. Da yamma mai niƙa ya hau babur da rigar da ya wuni da ita, gashin kansa da girarsa fari fat. Yana shiga gida ƙaramin ɗansa ya rugo ya rungume ƙafarsa, ya ɗauke shi ya ɗora a cinya. Matarsa ta karɓi rigar ta kaɗe a tsakar gidan nan da aka sha wahalar kankarewa, ta wanke ta watsar da ruwan a gindin bango. Dutse bai shigo gida a buhu ba, amma dalma ta shigo. Haka aka riƙa samun gidajen da aka share sun sake gurɓata, da yaran da aka yi wa magani dalmar jininsu ta sauka, bayan watanni ta sake hawa.

Masu aikin agajin sun san da haka. Tun farko sun faɗa cewa abu uku ne za su kawo ƙarshen masifar: jinya, share ƙasa, da canza yadda ake haƙa da sarrafawa. Na farko da na biyu suna da masu yi, suna da kayan aiki, kuma ana iya ƙirga su a rubuta a rahoto. Na ukun koyarwa ce ta yau da gobe, ba ta da ranar gamawa, kuma dole wanda ke wurin kullum ne zai yi ta. To wa ke wurin kullum? Likita na asibiti, injiniyan share ƙasa ya gama ya tafi. Masu haƙar suna da shugabanninsu: mai rami, mai inji, dattijon da ke raba faɗa in an saɓa wajen rabon buhu. Amma ba su da reshen ƙungiya mai asusu, ba su da wani nasu da aka ce ga aikinka, ga kuɗin man babur ɗinka, je ka koyar.

A watan Disambar wannan shekara ta 2010 aka sa hannu kan dokar biyan diyyar ma'aikata, wadda ta ɗora wa mai ɗaukar aiki zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya. Asusun horar da ma'aikata na ITF, wanda aka kafa tun 1971, shi ma da albashi ake auna abin da ake zuba masa, kuma mai kamfanin da ya horar da ma'aikatansa ake mayar wa wani kaso. Dokoki ne masu amfani ga wanda ke da takardar albashi. A bakin rami babu albashi, rabo ake yi. Dokar ma'adinai ta 2007 ta buɗe wata ƙofa, don ta tanadi kai koyarwa ga ƙananan masu haƙa, amma ta hannun ƙungiyoyin gama kai masu rajista, abin da yawancin mutanen ƙauyukan nan ba su da shi a lokacin. Kowace hanyar da kuɗin horo ke bi, sai ta ƙare kafin ta iso inda ƙurar take. A ganina nan ne tushen gardamar da ake yi yau, ya kuma fi zurfi a kan zancen wa ya riƙe wa kuɗi.

A 2015 abin ya maimaita kansa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka rasu. Bayan nan ne MSF da wata ƙungiyar masana lafiyar ma'aikata mai suna OK International suka gwada abu na ukun, wato canza yadda ake haƙa da sarrafawa, da gaske. Sun zauna da masu haƙa, sun koya musu, sun kawo feshin ruwa a kan dutse lokacin fasawa da niƙawa. Da aka auna iskar da ma'aikata ke shaƙa, dalmar cikinta ta ragu da kashi 95 cikin 100, ƙurar dutse mai lalata huhu ta ragu da kashi 80. Cikin watanni 19, dalmar jinin masu haƙar da aka riƙa gwadawa ta sauka da kashi 32. Ba wata na'ura mai tsada aka kawo daga Turai ba. Tanki ne da famfo da tiyo, da mutanen da suka yarda su canza hannu. Ana iya cewa tun daga lokacin tambayar ko koyarwa tana aiki ta sami amsa. Wadda ta rage ita ce wa zai ci gaba da yi in masu gwajin sun naɗe kayansu.

A Afrilun 2019 aka haramta haƙar ma'adinai a Zamfara saboda matsalar tsaro. Hanyoyi da yawa suka zama ba sa biyuwa ga baƙo, ko likita ne ko malamin bita. A 2022 MSF ta miƙa aikin gubar dalma ga hukumomin jiha, a shekarar da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta sanya lafiyayyen wurin aiki cikin manyan haƙƙoƙin ma'aikaci. Waɗannan shekaru sun nuna wani abu da ya kamata masu gardamar yau su riƙe. Ilimin da ke zuwa a mota daga birni, ranar da hanya ta rufe ya yanke. Wanda ke cikin kan ɗan gari yana nan inda ɗan garin yake.

Masu adawa da sauko da kuɗi reshe suna da hujjojinsu, kuma ba na banza ba ne. Suna cewa shugaban reshe zai tura ƙanensa ne a horar, ko kuɗin su narke a hidimar taro, ko wanda aka horar ya karɓi satifiket ya tafi neman aiki a wani wuri. Duk suna faruwa. Amma bitar otal ma tana da nata: kwana biyu, alawus, hoto, kuma sau da yawa wanda ya halarta ba shi ne mai tsayawa gaban inji ba. In kuɗi sun salwanta a reshe, mambobi suna ganin wanda ya ci, gobe za su haɗu da shi a masallaci. Sannan mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ƙwararre zai ce a jiƙa dutse, ya yi gaskiya. Wanda ya yi shekaru a kan injin ne zai san cewa masu niƙa na gudun ruwa don jiƙaƙƙen gari na toshe inji yana rage buhunan yini, shi ne kuma zai san yawan ruwan da zai kwantar da ƙura ba tare da ya tsayar da aiki ba. In ya ce wa yaronsa, "Kai, cire rigar nan ka yi wanka kafin ka tafi, ko ba ka da ƙanne a gida?", yaron zai ji, don wanda ya koya masa sana'ar ne ke magana.

Abin da irin wannan malami ke buƙata ba shi da yawa, amma dole ya riƙa zuwa a kai a kai. Ranar da ya bar raminsa ya tafi koyarwa, ya rasa rabon ranar, sai a mayar masa. Yana buƙatar mai a babur, da kuɗin gyaran famfo in ya lalace, da a riƙa kiransa lokaci zuwa lokaci a ƙara masa sani a kuma duba abin da yake koyarwa. Wannan aikin na ƙarshe shi ne ya dace da uwar ƙungiya da ƙwararru, tare da bin diddigin asusun. Maganar kuma ba ta tsaya ga zinare ba. Mai walda a Gusau da ke kare ido da gilashin rana, mai fesa maganin ciyawa a Talata Mafara da ke gauraya shi da hannu, mai sharar asibiti da ke kwasar allura ba safar hannu, yawancinsu suna da wata ƙungiya ko ta sana'a ce, suna kuma biyan kuɗinta mako ko wata.

Yanzu da aka buɗe haƙa, ana ta kiran masu neman zinare su yi rajistar ƙungiyoyin gama kai don su sami lasisi. Matasan da za su cika waɗannan ƙungiyoyi, da yawansu suna goye ko suna rarrafe a 2010, wasunsu ma suna cikin yaran da aka yi wa jinya a Anka. Kowace ƙungiya za ta rubuta kundinta, ta faɗi nawa mamba zai biya da inda kuɗin za su tafi. A wannan kundi ne ya kamata a sa sunan muƙamin mai koyar da kariya da kason da za a ware masa, tun kafin a kunna injin farko.