Gwajin ƙwaya ɗari kafin shukar wake

Duk shekara idan damina ta kankama, akwai kukan da nake ji a bakin manoma tun daga Gwadabawa har Illela: "Malam, wake ya ƙi fitowa." Wani ya ɗora laifin a kan ƙasa, wani ɓera, wani ma ya ce baki ne. Idan na shiga gonar na tona ramin da bai tsiro ba, yawanci ƙwayar nake tararwa kwance, ta jiƙa ta ruɓe. In na tambayi inda aka samo irin, sai a ce an auno shi a kasuwa ana gobe shuka, daga buhun da mai ƙosai ke auna nata.

To, waken ci daban, waken iri daban, ko da ido bai raba su ba. A cikin kowace ƙwaya, dab da idonta, akwai ɗan tsiro mai rai, ɓari biyun nan kuwa guzurinsa ne har saiwa ta kama ƙasa. Ƙwaron wake yana ɗora ƙwansa a bayan ƙwayar, tsutsar ta huda ta shiga, ta ci guzurin, ta fito ta bar rami. Ƙwaya mai huda ɗaya takan tsiro, amma a raunane. Mai huda uku ko huɗu, a kai ta tukunya kawai. Akwai kuma wanda ya mutu ba huda ko ɗaya: buhun da aka ɗure da sauran danshi, ko wanda ya yi Maris zuwa Mayu a ƙarƙashin rufin kwano, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40. Dukan sanda mai tsanani wurin sussuka shi ma yana tsaga ƙwaya ta ciki. Ɗan kasuwa bai zalunce ka ba, abinci ya sayar maka.

A ƙasar da damina ke da tsawo, wanda shukarsa ta lalace yana iya sakewa ya ci riba. Mu nan ruwa ba ya zama sosai sai ƙarshen Yuni ko Yuli, Satumba kuwa ya fara haɗa kayansa. Kafin ka gane iri ya ƙi, ka nemo wani, ka cike gurbi, mako biyu sun wuce, furen na baya sai ya faɗa daidai ɗaukewar ruwa. Wanda ya fito da ƙyar kuma, gero ya yi masa inuwa, ciyawa ta rufe shi tun kafin noman farko.

Abin da nake roƙon kowa ya yi bai cin ko kwabo. Kwana goma kafin shuka, a sa hannu cikin buhun, sama da tsakiya da ƙasa, a ƙirga ƙwaya ɗari ba tare da zaɓe ba. Na ce ba zaɓe, domin na sha ganin wanda ya tsince masu kyau ya gwada, ya yaudari kansa. A jera su a kan jiƙaƙƙen buhun algarara a naɗe, ko a shuka su cikin kasko mai rairayi, a ajiye a inuwa inda kaji ba sa kaiwa. A riƙa yayyafa ruwa safe da yamma, danshi ake so, ba tafki ba. Ranar bakwai ko takwas a ƙirga waɗanda suka fito da saiwa da kai lafiyayyu. Mai lanƙwasa da mai baƙin gindi ba sa cikin lissafi. In an samu 85 ko fiye, a shuka biyu-biyu a rami da kwanciyar hankali. In tsakanin 60 da 84 ne, a ƙara ƙwaya ɗaya a kowane rami. Ƙasa da haka, a nemi wani irin tun da sauran lokaci. Iyayenmu mata, wannan aikin a tsakar gida ake yin sa, kuma na lura kun fi maza haƙurin ƙirga.

Tsiro ba shi ne ƙarshen magana ba. Waken kasuwa gauraye ne, wani ya nuna da wuri, wani yana ta yaɗo, ba ka san ranar tsinka ba. Wasu cututtukan ma cikin ƙwayar suke tafiya, irin wanda ke sa ganye ya yi dabbare-dabbare ya murɗe. Sannan ga wuta-wuta, wadda ke kama saiwar wake ta tsotse shi tun kafin ta leƙo sama. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, Zariya, tare da cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, IITA, sun fitar da iri irin su SAMPEA 14 da SAMPEA 15 masu jure mata. SAMPEA 20-T, wanda aka amince da shi a 2019, yana kare kansa daga tsutsar da ke cin fure da kwanso, amma bai ɗauke maka feshi gaba ɗaya ba, sauran ƙwari na nan. In za a saya, a sayi ƙunshin da ke rufe, mai tambarin Hukumar Kula da Iri ta Ƙasa, a duba shekarar da aka noma shi. Ko shi ma a gwada ɗari.

Ba na cewa a yar da irin gida. Mai kiwon raguna ya san darajar harawa, kuma wakenmu mai yaɗo ya fi da yawa daga cikin sababbin ba da ita. Wake yana barbarar kansa ne, don haka wanda ya iya zaɓe yana iya riƙe irinsa shekara biyu zuwa uku bai gurɓace ba. Zaɓen a gona ake fara shi: a yi wa tsirrai masu lafiya alama, a tsinke su daban, a shanya har ƙwaya ta yi ƙas a haƙori, a ɗure a buhun PICS mai riɓi uku ko jarka mai murfi da ba ta shan iska, a ɗora kan katako nesa da bango.

Ranar shuka a cuɗa irin da maganin iri, kamar Apron Star, ƙunshin giram 10 ga kilo 4, a sa leda a hannu. Zurfin rami kada ya wuce gaɓar yatsa biyu, kuma a jira ƙasa ta sha ruwa sosai. Abin da ya rage na irin da aka cuɗa da magani ba na tukunya ba ne, ba na dabba ba, ko an wanke shi. A ɗaure shi, a rataye inda yara ba sa kaiwa.