Waiwaye: Yadda muka gaji shataletale mai doka biyu

Duk ranar da babbar mota ta buge ɗan kilando, wato mai babur ɗin haya, a wani shataletale na Njamena, magana ɗaya ce ke tashi a majalisun shayi da shafukan Facebook. Wasu su ce a kafa danja, wasu su ce a ƙaro masu ba da hannu, mafi yawa kuma su ɗora laifin a kan masu babura, wai ba su da haƙuri. To, ganganci akwai shi, babu mai musu. Amma matsalar ta girmi babur ɗin haya nesa ba kusa ba.

Farkon labarin sananne ne. A 1905 aka fara sa ababen hawa su zagaya ta gefe ɗaya a Columbus Circle na birnin New York, a 1907 aka yi haka a dandalin Étoile na Paris. Turawan Faransa suka kawo mana salon tun garin nan yana amsa sunan Fort-Lamy, tare da dokar tuƙinsu mai cewa na hannun dama shi ke da hanya. A 1960 Chadi da Kamaru suka samu 'yancin kai da wannan gado a hannu.

Ga inda gizo ke saƙar. A ƙasar da ake tuƙi ta dama, mai shigowa shataletale kullum yana hannun daman wanda ke ciki. Ke nan na ciki ne zai taka birki ya ba baƙo hanya. Idan motoci suka yi yawa, kowa na shiga, babu mai fita, sai da'irar ta kulle kanta. Maganin da injiniyoyin wancan zamani suka samo shi ne su ƙara mata girma, su miƙe mashigar yadda direba zai faɗa ciki ba tare da ya rage gudu ba. Da gangan aka zana tsohon shataletale don gudu.

A watan Nuwamban 1966 Ingila ta juya dokar a faɗin ƙasar: mai shigowa ne zai jira, na ciki ya wuce. Ba a cika tuna wannan shekara ba, alhali ita ce ta raba tsohon zamani da sabo. Da na ciki ya samu hanya, kullewa ta ƙare, buƙatar ƙaton fili ma ta ƙare. Frank Blackmore, wani injiniya a cibiyar binciken hanyoyi ta ƙasar, da abokan aikinsa suka nuna cewa ƙaramar da'ira na iya ɗaukar motoci masu yawa. Daga nan aka fara lanƙwasa mashiga, ta yadda dole direba ya murɗa sitiyari, gudunsa ya sauko zuwa kilomita 30 ko 40 a awa ko da babu ɗan sanda a wurin. A mahaɗar hanya huɗu ta gargajiya, wurare 32 ne motoci ke iya karo da juna. A shataletale na zamani mai layi ɗaya, 8 ne kacal, kuma yawanci gogar gefe ce, ba karon gaba da gaba ba.

Ita Faransa sai a 1984 ta fara aiki da wannan tsari, shekara 24 bayan mun kama gabanmu. Har yau ma dokarsu ta bambanta abu biyu: rond-point, inda tsohuwar doka ke aiki kamar a Étoile, da giratoire, mai allon nan na alwatika da ke ce wa mai shigowa ya dakata. Mu kuwa duka rond-point muke ce musu, daga na Chagoua har na Hamama a nan Njamena. Dattijon da ya koyi tuƙi da dokar dama ya koya wa yaron motarsa, yaron ya zama direba ya koya wa nasa. Sabon direba kuma ya karanta wani abu dabam. A ƙara da direban da ya ƙetaro gadar Ngueli daga Kusuri ta Kamaru, wataƙila daga Maiduguri ya taso, inda aka saba na ciki ne mai hanya. Mutum biyu su haɗu a bakin da'ira, kowa na ganin shi ke da gaskiya, kowa ya danna oda maimakon birki. Ɗan kilando da fasinjarsa su ne ke tsakiya, ba su da ƙarfen da zai kare su.

Shi ya sa nake ganin allo kaɗai ba ya wadatarwa. Idan kwalta ta miƙe sambal tana kiran direba ya taka, ƙarfen da aka kafa a gefe ba zai hana shi ba. A Amurka, inda aka makara har 1990 kafin a gina na zamani na farko, wani bincike na 2001 a kan mahaɗu 24 da aka mayar shataletale ya samu raguwar haɗurran da ke jawo rauni da kashi 76 cikin ɗari. Ba zan ce lissafin can zai fito daidai a nan ba, don su ba su da yawan baburanmu, kuma shataletale mai layi biyu ko uku yana da wuyar sha'ani ga mai babur ko'ina ne.

Gyaran tsoho bai kai rushe shi tsada ba. A matse mashigar, a lanƙwasa ta, a gina ɗan tsibiri a bakin kowace hanya, inda mai tallar ruwa ko ɗan makaranta zai tsaya ya tsallake rabi-rabi. Masu cewa tirela ba za ta iya juyawa a ƙaramar da'ira ba, an daɗe da yi musu tanadi: ana shimfiɗa wani daɓe mai ɗan tudu kewaye da tsakiyar, tayoyin bayan tankar mai ko motar shanu su hau kansa su wuce, ƙaramar mota kuwa ta ji gargada ta kauce masa.