Workfare Ba Aikin Sa Kai Ba Ne

Sau biyu cikin mako guda na ji an fassara kalmar workfare a rediyo da "aikin sa kai", kuma abin ya tsaya min a rai. Mai sa kai shi ya ga dama ya zo, gobe in ya so ya yi zamansa a gida, babu mai tuhumarsa. A workfare kuwa, gwamnati ce ke ce wa mai karɓar tallafin rashin aikin yi: je ka wuri kaza ka yi aiki ba albashi, in ka ƙi a yanke maka ɗan abin da kake sa wa a bakin salati. To ina sa kai a nan?

Kalmar haɗi ce, an ɗauko work, wato aiki, an liƙa masa wutsiyar welfare, wato tallafin gwamnati ga mabuƙata. Shugaban Amurka Richard Nixon ne ya yayata ta a 1969.

Amma labarin Cait Reilly ta Birtaniya ya fi kowace fassara fito da ma'anar. Ta gama jami'ar Birmingham a fannin ilimin duwatsu, ba ta samu aiki ba, tana karɓar tallafi, tana kuma taimakawa kyauta a wani gidan adana kayan tarihi, irin aikin da take fatan samu. Wannan shi ne sa kai na gaskiya. A 2011 aka ce ta ajiye shi ta koma kantin Poundland, ta yi mako biyu tana shara da jera kaya a kanta. An raba ta da abin da zai amfane ta, aka kai ta inda ba ta ƙaru da komai ba, kantin kuma ya samu hannu a ɓagas. A lokacin tallafin 'yan ƙasa da shekara 25 bai wuce fam 53 da 'yan kai ba a mako, alhali mafi ƙarancin albashi na irin shekarunta ya haura fam 6 a awa ɗaya. In aikin na gaske ne, me ya hana a biya ta ladan guminta? Wanda ake biya a wannan kanti kuma, ya zai yi gogayya da wanda aka kawo kyauta?

Masu kare tsarin suna cewa zaman banza na kashe zuciya, kuma na yarda da wannan. Sai dai Cait ba zaman banza take yi ba.

Ta kai ƙara. A 2013 kotun ɗaukaka ƙara, sannan kotun ƙoli, suka ce ƙa'idojin shirin sun saɓa wa doka, ko da yake ba su yarda cewa aikin tilas ne ba. Tun kafin kotun ƙoli ta yi magana, majalisa ta yi sauri ta zartar da sabuwar doka mai komawa baya, don kada gwamnati ta mayar wa mutanen da aka yanke wa tallafi kuɗinsu.