Wannan allurar ta kyauta, wa ya biya kuɗinta?

A makon farko da muka fara yi wa jama'a allurar korona a ƙaramin asibitinmu, cikin shekarar 2021, wani dattijo ya zo ya zauna a kan benci, ya naɗe hannun rigarsa har kafaɗa. Na jiƙa auduga zan goge masa, sai ya riƙe mini hannu.

"Tsaya tukuna, 'yar nan. Bara da zazzaɓi ya kwantar da jikana, sai da na sayar da akuya na sayi magani. Yau kuma ga allura tun daga bayan teku, an ce ko sisi ba zan biya ba. Ruwa fa ba ya tsami banza."

Na ce, "Baba, tambayarka tana kan hanya. Sauke hannun rigar mu yi magana, in ka gamsu sai a yi."

Mun fi rabin awa muna magana a ranar. Tun daga lokacin na sha jin irin tambayarsa daga bakin iyaye mata a ranar rigakafin yara, daga masu unguwa, har ma daga wasu abokan aikina. Shi ya sa na ga ya dace in rubuta amsar a tsanake, domin wanda bai san inda abu ya fito ba, ba laifinsa ba ne in ya yi ɗari-ɗari da shi.

Kuma mu a Arewa zarginmu yana da tushe. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya yi gwajin wani magani mai suna Trovan a kan yara kusan 200. Goma sha ɗaya daga cikin yaran da aka sa a gwajin suka rasu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya ce ciwon ne ya kashe su ba maganin ba, iyaye kuma suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ne ba. Aka yi ta shari'a har zuwa 2009 da aka sasanta da gwamnatin Kano. Wannan tabon na cikin abin da ya sa aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Ba na yi wa kowa dariya idan ya kawo wannan maganar, kuma ba na cewa ba a yi ba.

To amma allurar da ke hannuna a ranar nan tana da hanyar da ta biyo, kuma hanyar a fili take.

An tabbatar da korona a Najeriya ranar 27 ga Fabrairu 2020, a jikin wani ɗan Italiya da ya sauka a Legas. Ranar 11 ga Maris Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce abin ya zama annobar da ta game duniya. Tun kafin a gano rigakafin, masana suka hango cewa ranar da ya fito, masu kuɗi ne za su wawashe shi. Sai aka kafa wani shiri mai suna COVAX, ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙawancen Gavi mai samar wa ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi rigakafi da cibiyar CEPI mai ɗaukar nauyin binciken sababbin rigakafi, aka ɗora wa UNICEF aikin saye da dako. Tsarin ya yi kama da asusun gayya. Ƙasashe irin su Amurka, Jamus, Birtaniya da Japan su zuba kuɗi, a sayi rigakafi a dunƙule, a raba wa ƙasashe 92 masu ƙaramin ƙarfi. Ghana ce ƙasar farko a duniya da ta karɓi kaya ta wannan hanyar, allurai 600,000 a Accra ranar 24 ga Fabrairu 2021. Namu ya sauka a Abuja ranar 2 ga Maris, kusan miliyan 4, samfurin AstraZeneca da kamfanin Serum na Indiya ya haɗa. Hukumar NAFDAC ta ɗebi samfur ta duba kafin a fara. Ranar 5 ga wata aka yi wa wani likita a Babban Asibitin Ƙasa, washegari Shugaba Buhari da mataimakinsa Osinbajo suka miƙa hannu a gaban kyamara.

Ke nan allurar ba daga sama ta faɗo ba. Harajin wani ma'aikaci ne a Jamus ko Japan ya biya ta, gwamnatinmu kuma ta ɗauki nata kason na jigila da ma'aikata.

Sai Baba ya ce, "To don me za su biya? Sun san mu ne?"

Na gaya masa gaskiya. Akwai tausayi a ciki, amma ba tausayi kaɗai ba ne. Ƙwayar cuta ba ta neman biza. Duk inda aka bar ta tana yawo cikin mutanen da ba su da kariya, a nan take samun damar sauya kama, ta dawo da sabon salo, ta hau jirgi ta koma wa waɗanda suka ɗauka sun tsira. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Su ma kasuwanninsu da jiragensu sun tsaya, suna so duniya ta buɗe. Wasu kuma suna neman suna da ƙawance ne: China ta bai wa Nijar da wasu ƙasashen Afirka allurar Sinopharm kai-tsaye, Indiya ta yi nata rabon, Amurka ta turo mana Moderna sama da miliyan 4 a watan Agusta 2021. Mai bayarwa yana da muradinsa, wannan ba ɓoyayye ba ne. Abin da nake so a gane shi ne, muradin nasa shi ne cutar ta mutu, kuma a wannan gaɓar buƙatarsa da tamu sun haɗu. Allurar da aka yi mana ita ce aka yi wa tsofaffinsu da likitocinsu, su ma har rububinta suke yi.

Rububin nan ne ya cuce mu, kuma a nan ne raina ya fi ɓaci. Tun kafin COVAX ya tara kuɗi, manyan ƙasashe sun riga sun kama kaya a wurin kamfanoni, wasu sun yi odar abin da ya ninka yawan jama'arsu. Sannan a ƙarshen Maris 2021 cutar ta yi wa Indiya mummunan kamu, sai ta dakatar da fitar da rigakafi don ta ceci mutanenta. Kamfanin da COVAX ya fi dogaro da shi ke nan. Aka umarci jihohi su daina yi wa sababbin mutane da zarar sun cinye rabin kasonsu, a ajiye saura don allura ta biyu. Ina tuna wata malamar makaranta da na sha wahala kafin ta yarda. Ranar da ta zo da kanta, da ƙanwarta biye da ita, na buɗe akwatin sanyi na nuna mata kwalaben, na ce waɗannan na masu dawowa ne, ba ni da ikon taɓa su. Ta dube ni ta ce, "Anti, ke kika ce in zo." Ban sami abin ce mata ba. Sai bayan wata huɗu na sake ganinta.

Da kaya suka fara zuwa da yawa kuma, sai wasu suka zo a ƙurarren lokaci. Ƙasashen da suka tara fiye da buƙatarsu suka riƙa turo ragowar, saura makonni kaɗan wa'adinta ya cika. Wanda bai taɓa aikin nan ba zai ga kamar mako shida lokaci ne mai yawa. A lissafa: sauka a Abuja, dubawar NAFDAC, rabawa jihohi, daga rumbun sanyi na jiha zuwa na ƙaramar hukuma, daga nan a ɗora a bayan babur zuwa ƙauyen da damina ta yanke hanyarsa. Ga shi kwalba ɗaya ta mutum goma ce, in an buɗe ta kuma sa'o'i shida ne kawai, don haka sai ka tara mutane kafin ka huda. A ranar 22 ga Disamba 2021 hukuma ta lalata allurai sama da miliyan 1 da wa'adinsu ya wuce a wani juji a Abuja, a gaban 'yan jarida. Shugaban hukumar kula da lafiya a matakin farko na wancan lokacin, Dakta Faisal Shuaib, ya sanar cewa Najeriya ba za ta ƙara karɓar rigakafin da ya kusa ƙarewa ba. Mutane da yawa sun ga hoton suka ce, "Kun gani, dama guba ce." Ni kuwa abin da na gani a hoton daban ne: an gwammace a sha kunya a bainar jama'a da a tsira wa ɗan ƙasa allurar da wa'adinta ya wuce.

A watan ne kuma Birtaniya ta hana matafiya daga Najeriya shiga na ɗan lokaci saboda sabon nau'in korona mai suna Omicron, bayan masanan Afirka ta Kudu da Botswana sun gano shi sun sanar da duniya da gaskiya. Sakayyar faɗin gaskiya ta zama rufe ƙofa. Afirka ta Kudu da Indiya sun nemi a sassauta haƙƙin mallakar fasahar rigakafin tun Oktoba 2020 don kowa ya iya haɗawa, amma sai a Yuni 2022 Ƙungiyar Cinikayya ta Duniya, ƙarƙashin Ngozi Okonjo-Iweala, ta cimma wata matsaya, ita ma a taƙaice.

Wani abin da ya kamata kowa ya sani: ba duk abin da ake kira tallafi a rediyo ne kyauta ba. Dala biliyan 3.4 da Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya bai wa Najeriya a Afrilu 2020 bashi ne. Allurar Johnson & Johnson da Tarayyar Afirka ta yi cinikinta ta hannun bankin Afreximbank, saye ne. Idan ka ji an ce an ba mu kaza, tambayi ko kyauta ce ko rance, sannan ka tambayi inda aka kai.

Duk da waɗannan kurakurai, COVAX ya kai allurai kusan biliyan 2 ƙasashe 146 kafin a rufe shi a ƙarshen 2023. Maniyyatan da suka wuni a layi a 2022 suna neman katin rigakafi, bayan shekara biyu ba a je Hajji daga waje ba, yawancinsu da irin wannan allurar suka sauke farali. Firjin da ke ɗakinmu mai aiki da hasken rana, wanda ko wuta ta yi mako ba ta zo ba yana nan da sanyinsa, shi ma ta irin wannan haɗin gwiwa ya zo, kuma yanzu rigakafin ƙyanda da na shawara ne a cikinsa. Ta wannan hanyar ce aka kori shan inna na asali daga Afirka a Agusta 2020. Ta nan Najeriya ta zama ƙasar farko da ta fara amfani da sabon rigakafin sanƙarau mai kariya daga nau'i biyar a 2024, kuma a ƙarshen shekarar aka fara rigakafin zazzaɓin cizon sauro a Kebbi da Bayelsa.

Sai dai rijiyar ta fara ja baya. A Janairu 2025 Amurka ta sanar da ficewa daga Hukumar Lafiya ta Duniya, a cikin shekarar kuma ta rusa hukumarta ta ba da agaji, USAID, da ta daɗe tana ɗaukar nauyin gidan sauro da magungunan ƙanjamau da na tarin fuka. Wasu ƙasashen Turai ma sun rage abin da suke bayarwa. A Mayu 2025 ƙasashen duniya sun amince da yarjejeniyar tunkarar annoba ta gaba, amma ba da Amurka ba. Zanen aro ba ya rufe katara. Afirka na haɗa kusan kashi 1 cikin 100 ne kawai na rigakafin da take amfani da shi, alhali a Yaba ta Legas mun taɓa haɗa namu na agana da na shawara kafin wurin ya tsaya a 1991. Tarayyar Afirka ta sa burin kaiwa kashi 60 nan da 2040. Shugabanninmu kuma a Abuja suka yi alkawari a 2001 cewa za su ware kashi 15 na kasafin kuɗi ga lafiya. Duk ɗan takarar da ya zo ƙofar gidanku neman ƙuri'a, ku tambaye shi wannan alkawarin.

Naku kason a yau bai kai haka nisa ba. Rigakafin yara a asibitin gwamnati kyauta ne. Duk wanda ya nemi kuɗi a kansa, ko kuka ga gidan sauro na rabo a kasuwa, ku sanar da mai unguwa ko kwamitin lafiya na mazaɓa. Kuna da haƙƙin cewa a nuna muku kwalba ku ga ranar ƙarewarta. A jikin yawancin kwalaben yara akwai ɗan da'ira mai murabba'i a tsakiya. In murabba'in ya yi duhu kamar da'irar, zafi ya taɓa ta, ba za mu yi amfani da ita ba. Ku ce a nuna muku, ba rashin kunya ba ne.

A kawo jariri da zarar an haife shi, ko a gida aka haihu. Sai mako 6, mako 10, mako 14, sai wata 9, sannan wata 15 don ƙyanda ta biyu, wadda ita ce iyaye suka fi mantawa. Maigida, izininka da kuɗin mota su ne rabin aikin. A adana kati a cikin leda, nesa da ruwa da ɓera. In an tsallake wata allura ba a komawa farko, daga inda aka tsaya ake ɗorawa. Kuma ranar rigakafi ku zo da hantsi, ku biya wa maƙwabta ku taho tare, domin kwalbar ƙyanda ma ta yara goma ce, in na haɗa ta ƙarfe tara na safe, zuwa ƙarfe uku na yamma dole in zubar da abin da ya rage.